Sawu a Kan Toka

Da almuru Grozdan ya fita nemo akuyar yayansa. Ba damuwa ya yi da akuyar ba. Dalili yake so na bi ta bayan gari da na'urarsa ta gano ƙarfe, ba tare da tsofaffin da ke zaune a bakin shago sun tambaye shi ina za shi ba. A ƙauyensu, can gindin duwatsun arewacin Bulgariya, mutane sun ragu ƙwarai, amma idanu ba su ragu ba.

Daga ƙasar Sifen ya dawo da na'urar, inda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen shimfiɗa tayil a gidajen wasu. Ya dawo da ciwon baya, da na'urar, da tabbacin cewa duniya ta ci masa haƙƙi. Ya haɗa ta a kan teburin cin abinci da natsuwar da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya zura sanda cikin sanda, ya ɗaure faifan da ke laluben ƙarfe a ƙasa, ya naɗe wayar tamau don kada ta yi lilo ta ruɗa sautin. A lambu ya riƙa ɗaga faifan yana saukewa har na'urar ta saba da ƙasar wurin ta yi shiru. Sannan ya binne ƙusa a gefe guda, ya binne zoben marigayiya mahaifiyarsu a wani gefen, don kunnensa ya koyi bambanci. Baƙin ƙarfe gurnani yake yi a karye. Zinariya kuwa kukanta siriri ne, mai laushi. Zoben a akwatin Stamen ya ɗauko shi, bai kuma tambaya ba.

Stamen shi ne yayan. Shi ya zauna ya yi jinyar iyayensu har ya binne su. Tun yana saurayi dutse ya danne masa ƙafar hagu a ramin haƙar kwal, ta mutu, ba ta jin zafi ba ta jin sanyi. Janta yake yi yana dogara sanda. A gaban mutane Grozdan na ce masa Yaya. A gida kuwa Ja-ƙafa yake kiransa.

A bakin tsohon gidan niƙa na gefen rafi ya tarar da akuyar. Tana tsaye ƙiƙam, ba ta kiwo, ta zuba ido ga wani ɗan fili da ciyawa ta ƙi fitowa a kai. Grozdan ya sa abin saurare a kunne, ya fara kaɗa faifan dama da hagu, dab da ƙasa, kamar mai shara a hankali. Murfin kwalba. Tsohon takalmin doki. Sai ya iso filin.

Kukan ya zo siriri, mai laushi, ya cika masa kai. Ya juya ya ratsa wurin ta wani ɓangare. Haka dai. Ɗan allon na'urar ya nuna abu babba ne, kuma yana da zurfi.

A gida, suna cin miyar wake da burodi, ya gaya wa Stamen, don yana buƙatar mai haƙa. Stamen ya ajiye cokali. Ya ce duk wanda ya binne tukunyar dukiya a zamanin mulkin Turkawa ba ya barinta haka nan. Rantsuwa yake yi a kanta, ya bar mata mai tsaro, wanda kakanninsu ba sa kiran sunansa, sai dai su ce mai wurin. Ba a sa shebur sai an tambaye shi abin da yake so. Da yamma a tankaɗe toka a kan filin, da safe a je a duba. Sawun da aka gani, jinin mai shi za a zubar, ko zakara, ko rago. Idan kuma aka fara haƙa, ba a furta ko kalma ɗaya sai tukunya ta hau sama. Wanda ya yi magana, dukiyar ta nutse, ba za a sake ganinta ba.

Grozdan ya yi dariya, ya ce lallai zaman ƙauye da akuya yana cinye ƙwaƙwalwa. Amma ya tambaya, yana goge kwano da ɓawon burodi:

"In kuma sawun mutum ne fa, malam Ja-ƙafa?"

"Sai ka dawo gida ka sha miyarka, ƙanina. Ka manta ka taɓa jin wani kuka."

Washegari da yamma Stamen ya kwashi tokar murhu, ya ɗauki rariya, ya ja ƙafarsa har bakin rafi. Ya tankaɗe ta sumul a kan filin yana ja da baya, kamar mai shirya gari don burodin biki.

Da safe ƙafarsa takan sandare, saboda haka Grozdan ne ya je dubawa shi kaɗai. Hazo na kwance a kan ruwa. Tokar na nan fara fat, gefenta ko tsuntsu bai taka ba. A tsakiya ne sawun ya fara, a tsakiya kuma ya ƙare.

Ƙafar dama ce, ba takalmi, mai faɗi. Kusa da ita dogon layi, na abin da aka ja. Gefe kuma ɗan rami zagayayye, irin wanda bakin sanda ke bari.

Grozdan ya san yayansa bai fita ba. Minsharinsa ya hana shi barci ta bayan bango. Ya tsuguna ya daɗe. Ba kasafai mutum ke ce wa kansa zan yi mugunta ba. Abin da yakan ce shi ne, ni dai ba zan taɓa kowa ba. Shi ma haka ya ce. Ya shimfiɗa tafin hannunsa na dama ya shafe sawun, ya lallaɓa tokar ta koma daidai, sannan ya haɗa yatsu biyu ya riƙa dannawa nan da can, kamar kofato.

"Akuya yake so," ya ce da ya koma gida.

Stamen ya juya ya dubi inda take. Sivka, akuyar, a bakin ƙofar ɗakinsa take kwana, a tafinsa take cin ɓawon burodi, da ita yake hira a watannin sanyi. Can ya ce ko a sayo wata a ƙauyen gaba. Grozdan ya ce a sayo, don gari duka ya san abin da suke ciki? Ai ita ta nuna wurin, ita aka zaɓa. Kuma wa ya kawo maganar toka tun farko?

Rana na faɗuwa suka isa. Stamen ya tsaya kan tokar yana kallon sawun kofaton. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda ake buƙata. Wanda ya tashi cikin awaki ya san yadda suke taka ƙasa. Amma mutum yakan ga abu, ya zaɓi kada ya gane shi, musamman in abin ya shafi wanda ya taɓa goyawa a baya. Ya yi alamar gicciye. Ya rufe wa Sivka ido da hannu ɗaya, ya yanka ta da kansa, don bai yarda da hannun ƙaninsa ba. Ba ta yi kuka ba. Tokar ta shanye jinin nan take.

Daga nan babu magana.

Grozdan ya nuna bayansa mai ciwo, ya nuna na'urar. Stamen ya gyaɗa kai, ya ajiye sandarsa a bakin wurin, ya karɓi shebur.

Ya iya haƙa. Aikinsa ne na da. Ramin ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Haske na janyewa daga saman bishiyoyi. Grozdan ya jingina tocila a kan dutse, ya riƙa zura faifan cikin ramin. Ana ƙara haƙa, allon na nuna zurfin na raguwa. Haka ya kamata.

Kwaɗin rafi suka yi shiru gaba ɗaya, kamar an rufe musu ƙofa.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na jini suka ja baya. Wani ya taso, irin na ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka daɗe ba a buɗe ba, da ƙaurin gashi a cikinsa.

Stamen ya tsaya hutawa, ya jingina da shebur yana haki. Grozdan ya dubi allon.

Ba wanda ke haƙa. Zurfin na ci gaba da raguwa.

Ya riƙe faifan cik, bai motsa ba. Kukan da ke kunnensa ya daina zama kuka. Yana shiga, yana fita. Numfashi ne.

Ƙasar ramin ta fara kumbura a hankali, kamar ƙullin burodi. Ta tsage a kusurwa. Bakin tukunya ya leƙo, tagulla ce da ta yi kore, murfinta a karkace, wani abu rawaya yana ƙyalli a ƙarƙashinsa.

A ɗaya kusurwar, ƙasa ta rufe ƙafar hagun Stamen har idon sawu. Bai ji ba. Ƙafar nan ba ta jin komai.

Grozdan ya gani.

Kalma ɗaya ce. Fito. Tana kan harshensa, ya ji nauyinta. Ya dubi ƙafar, ya dubi tukunyar.

Ya haɗiye ta.

Stamen ya sunkuya zai kama kunnen tukunyar, ya kasa matsawa. Ya ja. Ya sake ja. Ya dubi ƙasa, ya ga ƙafarsa ta ɓace har ƙwauri. Sannan ya ɗago kai ya dubi ƙaninsa, ya ga ba mamaki a fuskarsa ko kaɗan.

Ya yi magana a hankali, cikin raɗa, kamar mai gudun tada jariri.

"Ba akuya ba ce, ko?"

Tukunyar ta nutse da wani sauti irin na maƙogwaro.

Grozdan ya yi wani ɗan ihu, na tukunyar. Ƙasa ta kai wa Stamen cinya.

"Da me ka shafe sawun?"

Hannun Grozdan na dama ya ɓoye kansa a bayansa.

Stamen ya yi dariya, gajeriya, marar sauti.

"Kai, Grozdan. Ka sa wa mai wurin hannunka a toka kenan. Ashe mu biyu ne."

Ya miƙo hannu ya cafki ƙafar ƙaninsa. Ko neman ceto yake, ko rakiya, Grozdan bai taɓa sani ba. Jan da ya ji ba na tsoho ba ne. Ya faɗi zaune, ya zame zuwa bakin ramin. A hasken tocila ya ga wasu yatsu zagaye da ƙugun Stamen, dogaye, launin toka, gaɓoɓinsu sun yi yawa.

Hannunsa ya lalubo sandar yayansa.

Ya doki yatsun Stamen da ke riƙe da ƙafarsa. Ya ji ƙashi ya amsa. Ya ci gaba da duka har suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Stamen bai yi ihu ba. Kallonsa kawai yake yi, har ƙasa ta zo masa baki.

Grozdan ya gudu, na'urar na ɗaure a damtsensa, numfashin na cikin kunnensa har ƙofar gida.

Da gari ya waye maza suka tarar da filin a shafe, gawar akuya a gefe. Sun wuni suna haƙa kafin su sami Stamen, a tsaye, a zurfin da shebur ɗinsa bai kai ba. 'Yan sanda suka ce rami ne ya rufta. Ba wanda ya tambayi abin da ya karya masa yatsu. A wurin jana'iza mata suka raba dafaffiyar alkama kamar yadda aka saba, kowa ya karɓa daga hannun Grozdan, ba wanda ya ci.

Bayan sadakar arba'in ya kunna na'urar a tsakar gida, don ya gwada ta kafin ya sayar. Lambun shiru. Da faifan ya ratsa ta kan ƙafafunsa, sai ga kukan nan, siriri, mai laushi. Ya matsa gefe. Inda ya bari ya yi shiru, inda ya tsaya ya ɗauka. Ya gwada a coci, ya gwada a kan simintin tashar mota. Abu babba ne, yana da zurfi, amma kullum zurfin bai kai na jiya ba.

Ya rufe gidan ya koma birni wurin 'yarsa Nevena, a hawa na ƙarshe na wani dogon bene. Can ya sami sauƙi. Allon ya nuna nisa mai yawa, ya yi barci kamar mutum. Yakan cire batir ya rantse ya daina dubawa, da yamma kuma ya mayar. Hawa-hawa abin ke tahowa, ba ya gaggawa.

Yanzu a kan teburin cin abinci yake kwana, ƙafafunsa a naɗe, ba ya sauka sai an yi masa tsawa. Nevena ta gaji, mijinta ya fi ta gajiya. Ta samo masa gurbi a wani gidan kula da tsofaffi a bayan gari, ta ce masa wuri ne mai kyau, akwai lambu, zai so shi. Ba bene ba ne. Duk ɗakunan a ƙasa suke, saboda masu ciwon baya.