Filafilin Ɗanzomo

Da hantsin ranar Laraba aka kawo wa Sufeto Ezekiel ƙara cewa an sace filafili a Ɗanzomo. Sai da ya ajiye biro ya dubi mai ƙarar.

"Filafilin kwale-kwale? A garin da ko rafi babu?"

Siddiq, mataimakin shugabar ƙungiyar manoman riɗi, bai yi dariya ba. "Yallaɓai, shi ne sandar majalisarmu, in babu shi ba a zama. Jibi za mu kaɗa ƙuri'ar tsige shugabarmu Hajiya Larai, kuma makullin ɗakin ƙungiya a hannunta yake. Ita ta ɓoye shi. Ko da yake ma ta riga ta sauka, tunda a hannunta ya ɓace."

Sufeton ya riƙe maganar ƙarshen nan.

Ya fara da Baffa Ilu, dattijon da ya kafa ƙungiyar. Ya same shi a gindin darbejiya yana gyaran tazbaha. A zamanin ƙuruciya Baffa ya yi aikin koyarwa a wata 'yar ƙasa da teku ya kewaye, daga can ya zo da filafilin, da kuma tsarin majalisar.

"Ɗana, ƙasar ba ta kai daga nan zuwa Gumel ba," in ji shi. "Kowa ya san kowa. Majalisa ke zaɓen shugaba daga cikinta, ran da ta gaji da shi ta sauke shi, ya koma kamun kifinsa ba gaba. Na ce mu ma ai tsibiri ne, sai dai yashi ya kewaye mu."

"Gaskiya ne in filafili ya ɓace shugaba ya sauka, ko ba ƙuri'a?"

Hannun dattijon ya tsaya. "Wa ya gaya maka? Ban taɓa faɗar wannan a taro ba."

"Amma ka faɗa wa wani."

"Mutum guda. Ya zo min da goro, yana ta tambaya." Baffa ya sunkuyar da kai. "Kada ka sa ni kiran suna. Ɗan ƙanena ne."

Ƙofar ɗakin ƙungiya lafiya lau take, ba a ɓalle kwaɗo ba. Hajiya Larai na tsaye a bakin ƙofar, idanunta sun yi ja. Tun safe yara ke binta da "ɓarauniyar filafili".

"Makullin bai taɓa barin hannuna ba," ta ce.

"Hajiya, ga shacin manyan tukwane a ƙasa. Ina tukwanen?"

Ta dubi wurin da Sufeton ya nuna.

"Ummulkhair na ara wa, matar Siddiq. Tuwo take sayarwa ran kasuwa. Ni na ba ta makullin. Doka ta hana, shi ya sa na ji nauyin faɗa."

"Ita ta ɗauki tukwanen?"

"Ina za ta iya? Mijinta ya loda mata a amalanke."

A hanyar komawa Sufeton ya yi ta tunani. Mutumin da bai taɓa ganin kwale-kwale ba, in aka miƙa masa dogon icce mai faɗin baki, me zai ce sunansa?

Washegari Alhamis, kasuwar Maigatari ta cika. Ya ratsa 'yan raƙuma har rumfar masu abinci. Ummulkhair na duƙe a kan tukunya tana gumi, Siddiq na kan benci da kwano a gabansa.

"Sannu da aiki, uwargida. Wannan muciya taki daga ina?"

"Maigida ne ya sako ta cikin kayana, wai kada in taɓa. To tawa ta karye." Ta ɗaga ta. "Wallahi ba ta da daɗin aiki, Yallaɓai, faɗi ya yi mata yawa. Ga wani zanen kifi a jiki, ko na mene ne oho."

Siddiq ya ajiye lomar da ya ɗauka.

"Na ƙirga mutanena, ba su kai ba," ya ce a hankali. "Da an kaɗa ƙuri'a Hajiya Larai za ta ci. Na ɗauka cikin muciyoyi babu mai lura."

"Ka kuma zo da ƙafarka ka ce ita ce ɓarauniya," in ji Sufeton.

Siddiq ya ture kwanon. Ya wanke hannu, ya miƙa, aka sa masa ankwa. Matarsa ta bi su da ido har suka ɓace cikin raƙuma.

Ran Juma'a Baffa Ilu da kansa ya kankare tuwon da ya bushe a jikin filafilin, ya shimfiɗa shi a tabarma. Wani ya ce tunda mai neman tsigewar yana hannun hukuma, a bar maganar ƙuri'a.

Hajiya Larai ta girgiza kai.

"Ba shi kaɗai ya gaji da ni ba. A kaɗa, in san su nawa ne."