Firam Ga Ƙafar Hagu

"Na zo in sauwaƙe miki alkawarin aurenmu ne."

Ban ɗaga gilashin waldata ba. Amfanin gilashin nan ke nan, yana kare ido daga wuta, yana kuma ɓoye hawaye.

Ɗan Tsere na tsaye a ƙofar shagonmu, dogare da sanda. Ni da Yayana muke ƙera firam ɗin kekunan hawan dutse, kuma a kan firam ɗina ya ci duk tseren da ya ci. Ranar da ya faɗo daga gangare, keken ko lanƙwasa bai yi ba. Gwiwarsa ta hagu ce ta tashi aiki, har yau ba ta gama naɗewa.

"Ka ci abinci?" na tambaya.

"Maƙeriyata, kar ki kauce. Yaya ya yi mini magana, kuma yana da gaskiya."

Wato har can Yaya ya kai! Tun faɗuwar yake yi mini tallan abokinsa don in aure shi, dillalin kayan keke, mutumin da ya je dubiya asibiti ya dawo yana baza cewa ai ƙafar sai an yanke. Ina son Yaya, amma idan ya kafe ko guduma ba ta miƙe shi.

Na kashe wuta, na janye buhun da ke rufe da wani firam a lungu. Bututun samansa na sassauko da shi ƙasa sosai, yadda ƙafa za ta tsallaka ba wahala.

"Hannun fedar hagu gajere zan sa," na ce. "Awonka na da ya daina aiki, sai na sake auna ka."

Ya daɗe yana kallon firam ɗin.

"Likita ya ce ba ni ba tsere..."

"Wa ya ce maka kofin gasa nake son aure?"

"Ina tsoron ranar da za ki gaji da jirana a hanya."

"Na fi ka tsoro," na ce. "Tsorona in wuni ina ƙera wa mutanen duniya keke, in koma gidan da ba ka ciki."

Ya jingine sandar a bango, ya dafa teburin aiki. Na ɗauko tef, amma lambobin sun narke mini a ido saboda hawaye.

Ashe Yaya na bayan injin yanka, ya ji komai. Ya fito yana goge hannu, fuska a ɗaure.

"Haka na koya miki awo? Ba ni nan."

Ya durƙusa a gaban ƙafar da ya raina, ya ja tef a hankali.

"Miƙe sosai, malam," ya ce. "Ba na son a ce mun yi wa surukin gidan nan aikin banza."