Ranar Da Faifai Ya Ɓoye Sunaye

Faifai ya kunna kansa, haske ya malalo bisa gilashinsa har ya taɓa yatsun ɗalibai. Teburi ne zagayayye a tsakiyar aji, a wata makarantar bene ta Sabuwar Zariya, inda jiragen haya ke giftawa ta bakin taga. Duk abin da ɗalibi ya zana da yatsa, kowa zai gani nan take, kowa na iya gyarawa. Abin da aji ya amince da shi kuwa, butum-butumin makaranta zai hau rufi ya gina shi a gonar ajin.

Illa ɗaya: a wurin Faifai, shiru amincewa ce. Bara Sagir, wanda ya girmi kowa a ajin, ya zana bututun ban ruwa a karkace. Kowa ya gani, kowa ya yi masa kara. Tumatir ya bushe ƙurmus. Bana in gonar ta sake mutuwa, wani aji za a ba.

"Yau na ɓoye sunaye!" in ji Malama Saratu, tana murza hannu don murna. "Ba babba, ba yaro. Kowa ɗigon haske ne. Bismillah!"

Zulfa'u ta matso jikin Faifai cikin zumuɗi. Ita ce ba a jin muryarta a aji, sai dai a gan ta a bayan littafi. Zanen bututu ya bayyana, ta ga kuskuren bara ya dawo, bakin bututun na kallon tudu. Ta san hannun. Na Sagir ne, maƙwabcinsu, wanda take kira Yaya tun tana rarrafe.

Ta sa yatsa ta rubuta: "Wannan zai kashe gonar. Mai zanen nan bai iya lissafi ba."

Kai! Sai ka ce an buɗe famfo. Ɗigo-ɗigo suka yi caa, wannan ya juya bututu, wancan ya ƙara tanki, wani ya goge rabin zanen.

"Ashe duk kuna da baki, munafukai!" in ji Malama, tana dariya.

"Malama, yatsu dai muke da su," wani ya amsa daga baya.

Faifai ya yi kore, alamar aji ya amince. Suka kwasa a guje zuwa rufi, suka tarar butum-butumi na ɗaura bututun ƙarshe. Ruwa ya taho, ya bi kunya-kunya har ƙarshen gona. Aji ya kaure da ihu, Zulfa'u na tsalle ba ta ma sani ba.

Sagir ya matso kusa da ita, murmushinsa a gajiye.

"Ƙanwata, zanena ne fa. Gyaran daidai ne, wallahi. Amma da ke ce kika gano kuskuren, ai gefe za ki ja ni ki faɗa mini, ko?"

Ta buɗe baki. Gaskiyar ta zo har maƙogwaro ta tsaya.

"Haka ne, Yaya."

A bayansu Malama na ta waya da hukumar birni cikin ɗoki: a kai Faifai kowane aji, kowace majalisa, har gidaje, kowa ya samu bakin magana! Zulfa'u ta dubi hannunta. Yatsanta na ta zane a jikin hijabinta, yana neman gilashi.