Albasar Kwaɗi a Kangon Jarwal

Kwana uku ruwa ya yi yana sauka a Makka a ƙarshen sanyin bara. Duwatsun da aka saba gani baƙi ƙirin suka wayi gari kore-kore, abin da Larabawa ke kira rabi'i.

Mujahida tana shagon ɗinkinta a unguwar Mansur, bayan la'asar, jawwal ɗinta, wato wayar hannu, ya yi ƙara.

"Mujahida, albasar kwaɗin gidanmu na Jarwal ta yi fure. Je ki tono mini ɗaya kafin magariba."

Muryar mahaifiyarta ce, Hajiya Mailafiya, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a gidansu na Utaibiyya. Mujahida ba ta tambayi yadda tsohuwar ta san furen ya fito ba. Ta ce, "To, Ummi." Ta jefa almakashi a jaka, ta kira yayanta Munzali ya kai ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rushe gidan. An kewaye filin da kwano, har yau ba a gina komai ba. Munzali ya tsayar da mota a gindin tudu.

"Yalla, da sauri. Ba wurin tsayawa a nan."

Ta hau tsohuwar matakala, ta kutsa ta inda kwanon ya yage.

Da farko murna ta yi. Tsakanin fasassun bulo, ƙananan furanni rawaya da shuɗi sun fito, wasu ko kan allura ba su kai ba. Ƙasa tana ƙamshin ruwa. Ta gane dokin ƙofarsu, ta gane inda murhu yake.

Sai ta hango fararen furannin albasar kwaɗin.

Guda bakwai ne, dogaye, sun yi zobe a kewaye da murfin tsohuwar rijiyar gidan. Wurin da ake hana su wasa suna yara. Ba iska, amma kawunansu suna motsi.

Ta durƙusa gaban ɗaya. Ta soka almakashi a ƙasa.

Ƙarar motoci ta ɗauke. Duka, lokaci guda, kamar an rufe ƙofa.

Sai daka.

Dim. Dim. Dim.

Taɓarya a turmi. Daga ƙarƙashin murfin.

Ta ce a ranta injin magina ne. Ta ci gaba da tono. Ƙamshin furen ya yi nauyi, ya juye, ya koma warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta kama ganyen ta ja. Albasar ta fito da wani sauti kamar an cire haƙori. Da ɗumi take, kamar ƙwan da kaza ta saka yanzu.

Dakan ya tsaya.

"Sannu da aiki, 'yar Mailafiya."

Raɗa ce, dab da kunnenta na hagu. Muryar Ummi. Amma kafin kalmar ƙarshe ta fita, muryar ta tsufa, ta dushe, ta zama ta wata.

"Saura shida."

Mujahida ta so tashi. Ta kasa. Tana kallo hannunta na dama ya ɗauki almakashin da kansa, ya nufi fure na biyu.

Ta ja Ayatul Kursiyyu. Harshenta ya yi nauyi kamar dutse.

Almakashin ya shiga ƙasa.

Murfin ya goce. Faɗin yatsa ɗaya.

Sanyi ya huro daga ciki, ya taɓa mata fuska.

Faɗin yatsa biyu.

Wani abu ya leƙo ta tsagar, ya dafa bakin rijiyar. Yatsu ne. Gaɓoɓinsu sun yi yawa.

"Yi sauri, 'yata. Rana za ta faɗi."

Sai kiran salla ya taso daga Harami, ya cika tudun.

Abin da ya riƙe hannunta ya sake ta.

Ta ruga. Kwano ya yage mata abaya, bai tsayar da ita ba. A matakala ta ji taku a bayanta, jiƙaƙƙen taku, ba gaggawa. Ba ta waiwaya ba.

"Esh fiki? Me ya same ki?" in ji Munzali.

"Ja motar."

"Ina takalminki?"

"Yaya, ja motar!"

Sun tarar da Ummi a kan darduma tana jan carbi. Mujahida ta zube a gabanta, albasar ta faɗo daga hannun abayarta, ta gangara har gefen darduma. Ita kanta ba ta san ta taho da ita ba.

Carbin ya tsaya.

"Wa ya aike ki?"

"Ke, Ummi. Kin kira ni."

Munzali ya sa hannu a aljihu a hankali, ya fito da jawwal ɗin Ummi, gilashinsa a fashe. Tun jiya yake wurinsa, zai kai gyara.

 Tsohuwar ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Uwata ce ta taho da 'ya'yan albasar nan daga Katsina, a ƙulle a gefen zane, ta ratso Sudan da su. Da aljanar rijiyar nan ta taɓa mata 'ya'ya biyu, malam ya yi addu'a, aka dasa bakwai. Ba ta iya tsallake su. Ba ta iya cire su. Sai dai jinin gidan ya cire da hannunsa."

Washegari da hantsi Munzali ya ɗauki limamin unguwa suka mayar da albasar. Sun tarar da shidan sun bushe ƙurmus. Murfin yana gefe. Rijiyar ba komai a ciki, ko ɗigon ruwa.

Mujahida ta yi kwana tara tana zazzaɓi. Ta tashi, amma hannun dama bai koma daidai ba. Har yau ba ta iya zura zare a allura. Aka yi saukar Alƙur'ani, aka yi sadaka, gida ya fara samun natsuwa.

Ranar wata Juma'a maƙwabciyarsu Ghada, Balarabiyar da ke hawa na ƙasa, ta kawo musu shinkafa. Tana ajiye kwanon ta ce da Larabci:

"Baƙuwarku ta iso lafiya? Wata tsohuwa, doguwa, zanenta a jiƙe. Na same ta a matakala ɗazu. Ba ta jin Larabci, sunan Hajiya kawai take maimaitawa."

Ummi ta ajiye carbinta.

"Me kika ce mata?"

Ghada ta yi murmushi.

"Me zan ce? Na nuna mata ƙofarku."