Muryar Baban Yara a Cikin Kaset

Da hantsi aka kawo rahoton, Sufeto yana fama da aljihun teburinsa da ya ƙi buɗuwa. Kofur ya shigo ya ƙame.

"Yallaɓai, sata ce a wani gida bayan asibiti. An ɗauke na'urar DVD, irin mai ɗaukar hoto a faifai."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Amma an ce tsohuwar gidan ko ruwa ta ƙi sha tun safe."

Sufeto ba ya son ƙananan ƙararraki, sai dai zancen ruwan nan ya tsaya masa a rai. Ya bar aljihun tebur da taurin kansa, ya ɗauki hula, Kofur ya bi bayansa.

Falon ƙarami ne, tsaf da shi. Tsohuwar tana zaune a ƙasa ta jingina da kujera, idanunta sun kumbura. A bakin ƙofa ɗanta na tsaye, magidanci ne mai furfura jefi-jefi, malamin makaranta, amma har yau Auta take kiransa.

"Sannu, Mama," in ji Sufeto, ya durƙusa. "Na'ura ai ana sayen wata."

"Ɗan nan, ba na'urar nake wa kuka ba. Kaset ɗin baban yara yana cikinta."

Ta yi masa bayani a hankali. Shekarun baya 'yarta ta aro kyamara ta ɗauki mahaifinsu yana kan tsani yana gyaran fanka, ita kuma tana ƙasa tana yi masa mita. Ya juyo ya kira ta da sunan da shi kaɗai yake kiranta, ya tuntsire da dariya har tsanin ya girgiza. Ya rasu bara, kuma duk duniya babu inda muryarsa ta rage sai a kaset ɗin nan. Da hoton ya fara rawa, sai Auta ya sayo na'urar da za ta juye shi a faifai kafin ya lalace.

Sufeto ya ji tausayinta sosai. Ya miƙe ya leƙa bayan talabijin. An zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, an naɗe su, har an ɗaure da roba. Ya daɗe yana aikin nan, bai taɓa haɗuwa da ɓarawo mai irin wannan ladabi ba.

"Malam, ta ina aka shigo?"

"Ta taga, Yallaɓai. Na manta ban rufe ba."

Sufeto ya duba tagar. Tukwanen furanni ne jere a bakinta, ko ɗaya bai goce ba.

"Ina rimot ɗin na'urar?"

"Shi ma babu," in ji tsohuwar. "A ƙarƙashin matashin kujerar nan nake ɓoye shi saboda jikoki."

"Wa ya san nan kike ajiyewa?"

"Ni da Auta mana."

Auta ya sunkuyar da kai yana gyara agogon hannunsa. Sufeto ya tambaye shi shagon da aka sayo na'urar.

Mai shagon ɗan lukuti ne mai bakin ciniki. Ganin kaki bai hana shi talla ba.

"Na tuna malamin, Yallaɓai, ai ya wahalar da ni. Iri uku na nuna masa. Ga mai ɗauka a faifai kawai, ita ce mai sauƙi. Ga mai rumbu a ciki, ka tara shirye-shiryen talabijin ka kalla in ka huta. Ga kuma mai baki biyu, kaset a nan, faifai a nan. Na ce masa kafin ka zaɓa, faɗa mini me za ka yi da ita a gida. Ya ce muryar babansa zai ceto. Na ce to, mai baki biyu ce taka. Kai ma Yallaɓai, in kana da tsofaffin kaset..."

"Ba ni da su. Tana da wuyar aiki?"

"Ko kusa. Abu ɗaya ne, tana juyewa ta ko'ina, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa kaset. Shi ya sa nake cewa kowa ya ɓalle ɗan kunnen da ke gefen kaset tukuna. In ka ɓalle shi, ba abin da zai hau kai."

"Ka sake ganin malamin tun ranar?"

"Ni? Wallahi ko inuwarsa."

"To shi ke nan. Uwarsa na can ta ƙi ci ta ƙi sha."

"Allah sarki, baiwar Allah. Ai na gaya masa abin da aka shafe a kaset ba ya dawowa, ko wa ya kai wa."

Sufeto ya zuba masa ido. "Wa ya ce maka an shafe wani abu? Ni sata na zo bincike."

Bakin ciniki ya mutu nan take. Mai shagon ya share gumi, ya amsa cewa jiya da yamma malamin ya zo da kaset a hannu, ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa.

Da suka koma, Auta yana tsakar gida kusa da motarsa. Sufeto ya sa Kofur ya tsaya nesa kaɗan.

"Malam, buɗe mini but ɗin motar nan."

Bai yi musu ba. Na'urar na ciki, an lulluɓe ta da tawul, ga rimot a gefe, ga kaset da kunnensa a jiki ba a ɓalle ba.

"Wasan ƙwallo na ɗauka daga talabijin a faifai don in gwada ta," in ji Auta. "Da na sa kaset ɗin Baba sai na danna maɓallin da ba shi ba. Aka kira ni a waya na fita. Kafin in dawo ƙwallo ta hau kansa daga farko har ƙarshe. Yallaɓai, da wane baki zan gaya mata? Na ga gara ta ce ɓarawo ne, ta riƙa sa ran wata rana a samo."

"Ka san ka kawo mana rahoton ƙarya?"

"Na sani."

"Ni zan faɗa mata, ko kai?"

Ba a kai ga amsa ba, domin tsohuwar na tsaye a bakin ƙofa tana riƙe da labule, ta ji komai. Auta ya zube a gabanta kamar yaro.

"Babu ko kaɗan da ya rage?" ta tambaya.

"Babu, Mama."

Ta rufe ido, Kofur ya kau da kai. Can sai ta zabura, ta kama kan ɗanta da hannu biyu.

"Wayyo ni! Tun asuba nake yi wa ɓarawon nan Allah ya isa. Na ce kada ya ga da kyau, na ce hannunsa ya bushe. Ashe ɗana nake yi wa baki! Na janye, ya Allah na janye. Na yafe maka, Auta, duniya da lahira."

Shi kuwa kuka yake yi, ba ya ko ɓoyewa. Sufeto ya bar su har suka lafa, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Tashi, Malam. Dole mu je ofis ka ba da jawabi."

Kofur ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya harare shi ya sauke hannu. Suka sa Auta a tsakiya suka nufi mota. Tsohuwar ta biyo su har bakin titi ba takalmi.

"Ɗan nan, kada ku riƙe mini shi. Uban ya tafi, muryar ta tafi, wannan ne ya rage a gidan."

"Ki shiga ki sha ruwa, Mama," in ji Sufeto. "Ni da kaina zan dawo miki da shi."

Ta tsaya a wurin tana yi wa ɗanta addu'a da ƙarfi, har motar ta sha kwana.