Faifan da Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Ganewa

Da hantsi wani tela ya iso kantar 'yan sanda, da zare maƙale a hannun rigarsa. Ya ce matarsa ta rasu kwana huɗu da suka wuce, bayan an yi mata ƙarin jinin da ba irin nata ba. Asibiti sun nuna masa takardar ɗakin gwajin da ya tantance jinin: akwai hatimi, babu sa hannu. Ya faɗi wannan duka da murya ɗaya, kamar mai karanto awon riga.

Sufeton da ke bakin aiki ta rubuta. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, kuma ta daɗe da daina jin komai a ƙirjinta idan an ambaci mutuwa. Ta yi wa mamaciyar addu'a a ranta, ta ɗauki hularta.

Ɗakin gwajin ɗakuna biyu ne a saman wani kantin magani. Shugaban wurin, dattijo mai farar riga da tabarau, ya tarbe ta a bakin ƙofa.

"Wa ya gwada jinin?" Sufeto ta tambaya.

"Ranki ya daɗe, kwamfuta ce za ta faɗa. Duk wanda ya shigar da sakamako, da lambarsa yake shiga."

"To, a kunna ta."

Ya kunna. Tsohuwar na'urar ta yi gurnani, allon ya tsaya baƙi, sai layi ɗaya na farin rubutu da ke cewa ba ta ga faifan ajiyar da za ta tashi da shi ba.

Shugaban ya cire tabarau ya goge. "Abin da nake jin nauyin faɗa ke nan. Shekaranjiya na ga ma'aikaciyata zaune a nan tana ɗora mata sabuwar manhaja. Ta ba manhajar faifan gaba ɗaya, komai ya share. 'Yar ƙanwata ce, ni na riƙe ta. Amma gaskiya ɗaya ce."

Ma'aikaciyar na ɗaki na biyu tana wanke kwalaben da suka riga suka wanku. Idan maganar ta tabbata, ita za a gurfanar a kan ran matar tela.

"Ke kika gwada jinin?"

"A'a. Ran nan na kai mahaifiyata asibiti."

"Ke kika share faifan?"

"A'a."

"Kawunki ya ce ya gan ki."

Ta rufe famfo. "In Kawu ya ce ya gani, ni me zan ce?" Can ta ƙara da cewa, "Amma ban san ta inda za a ɗora mata komai ba. Wurin saka sidi ya mutu tun bara, kuma ba ta tashi da filashi."

Sufeto ta ja layi a ƙarƙashin wannan, ta aika a kira mai gyaran da ofishinsu ke hulɗa da shi, wani tsoho mai gajeren gemu da kowa ke ce wa Baba.

Baba ya hawo bene yana haki. "Ranki ya daɗe, ke ba kya kirana sai gawa ta yi sanyi."

"Wannan tsararka ce, Baba. Ku gaisa."

"Ta girme ni, ki duba haƙoranta."

Ya kwantar da akwatin kwamfutar, ya buɗe. Ƙura ta yi kauri a kan komai na ciki, ban da faifan, wanda ke fes, da sabon ƙarzon sukudireba a kan notinansa. Ya zare shi ya haɗa da na'urarsa, ya daɗe yana kallo.

"An ba sabuwar manhaja faifan kacokan, wannan gaskiya ne," in ji shi. "Amma ba a cikin wannan akwatin aka yi ba."

"Yi mini bayani kamar ban je makaranta ba."

"Kowace kwamfuta tana da ɗan ƙaramin tsari manne a cikinta, muna ce masa bayos. Shi ke fara farkawa, ya nemo faifai ya tashe shi. Mai ɗora manhaja kuwa yakan tsara faifan daidai da bayos ɗin na'urar da yake ciki. Wannan an tsara shi da salon sababbin na'urori. Tsohuwar nan ba ta san salon ba, shi ya sa take kallonsa kamar baƙo. Da a jikinta aka yi, da ta tashi lafiya lau, da kuma ba ki kira ni ba."

"Sabuwar na'urar da aka yi aikin a cikinta, za ta tuna?"

"Takan rubuta lambar faifan a jerin abin da za ta tashi da shi. Mutane ba su cika sanin a goge wannan ba."

Sabuwar kwamfuta ɗaya ce a ginin, a ofishin shugaban, kuma makullin na aljihunsa.

"Tawa ce ta kaina," ya ce. "Babu mai taɓa ta sai ni."

"Ko 'yar ƙanwarka?"

"Ko ita."

Sufeto ta rubuta wannan ma, ta karanta masa, ya gyaɗa kai. Baba ya buɗe jerin. Layi biyu ne. Ya ɗora yatsa a kan na biyu, ya karanto lambar, Sufeto na bin ta a takardar da ya kwafo daga tsohon faifan. Harafi bai saɓa ba.

Shugaban ya zauna. Fanka na juyawa a sama.

"Maganin gwajin ya ƙare ran nan," ya ce a hankali. "Asibiti suna ta waya. Na ga tsohon kati mai irin sunan matar, na kwafi rukunin jinin, na buga hatimi. Da na ji ta rasu, na tuna lambata na cikin kwamfutar."

"Ita kuma yarinyar?"

"Na ɗauka za a yi mata sassauci. Yarinya ce."

Sufeto ta jira ko za ta ji fushi. Bai zo ba. Ta yi wa kofur ɗin da ya rako ta alama ya sa masa ankwa.

A bakin bene ma'aikaciyar ta tsaya, hannunta a jiƙe. Ta ga kawunta ya bar tabarau a kan tebur, ta ɗauko ta saka masa a aljihu.

"Kawu, me zan ce wa Inna?"

Aka sauka da shi.

Telan na nan a kan bencin kanta inda aka bar shi. Sufeto ta gaya masa an kama wanda ya buga hatimin, kuma ya amsa laifinsa.

"To," in ji shi. Ya tsinke zaren da ke hannun rigarsa, ya naɗe shi a yatsa. "Jaririyar da ta bari na wurin yayata. Ba ta karɓar madarar gwangwani."

Sufeto ta dubi littafinta, babu layin da za a rubuta wannan. Ta rufe shi, ta ce Allah ya raya ta, sannan ta tafi yin alwalar azahar.