Ludayi Ɗaya na Romon Kaka

Ko kwana bakwai mahaifin Lanfen bai yi a kabari ba, ƙanensa Baffa Dehai ya watso mata kayanta a ƙofar shagonsu na dafaffiyar agwagwa a birnin Chaozhou na ƙasar Sin. Wayyo maraici! Ba shagon ne ya fi ƙona mata rai ba, tukunyar romon ce, wadda tun zamanin kakanta ake tafasawa kullum ana ƙara mata ruwa da kayan ƙamshi, ba ta taɓa kwana ba a ɗora ta a wuta ba.

"Baffa, don girman zumunci ka bar ni ko da wanke-wanke ne..."

"Ke? Baki kamar an ɗinke! Kasuwa ta masu baki ce, yarinya." Ya kamfato ludayi ɗaya na romon ya zuba mata a kwano, mutane na dariya. "Ungo, ga gadonki!"

Ta rungume kwanon tana kuka har ɗakin da ta kama a bayan kasuwa. Abin bai ishe shi ba, sai da ya baza cewa hannunta na da ƙaiƙayi, kowa ya ƙi ɗaukarta aiki. Ta sayar da rigar sanyinta ta sayi gawayi. Ranar da ba ta da abin ci ma sai ta tafasa romon nan, hawaye na zuba tana cewa, "Baba, ba zan bari ya mutu a hannuna ba!" Da ƙwai da awara ta fara, tana dafa su a romon tana sayarwa a bakin titi, ba ta iya kiran ciniki sai murmushi.

Shi kuwa uban 'yan baki, shago uku ya buɗe, ya raba romon ya tsinka shi da ruwa. Da bikin sabuwar shekara ya tafi shagali ya bar tukwane ba wuta, ya dawo ya tarar sun yi tsami. Romon kaka ya mutu!

Wata tsohuwa mai suna Suqin, da ta girma da cin agwagwar gidan, ta ɗanɗana ƙwan Lanfen sai ta fashe da kuka. "Jama'a, ga shi nan! Ashe yana raye!" Kafin wata ya ƙare layin masu saye ya kai kwanar titi, shagunan Baffa kuwa ko ƙuda ya daina leƙawa.

Ran nan sai ga Baffa a ƙarshen layi, ya rame, riƙe da kwano.

"'Yata... ko kaɗan ne, in tayar da tukunya."

Lanfen ta share hawaye, ta kamfato ludayi ɗaya ta zuba masa.

"Ga shi, Baffa. Sai dai ba ya jin surutu, wuta yake so kullum."